An Hana Ka Sayar Da Motarka? Nemi Takardar Tukuna

A bakin Komadugu mota ba kayan ado ba ce. Ita ke ɗauko buhunan tattasai daga Geskeru da Shetimari zuwa kasuwar Diffa, ita ke kai mai naƙuda asibiti, kuma in rana ta ɓaci ita ce asusun gida: a sayar a biya bashin taki da man injin ban ruwa, ko a yi jinya, ko a kai yarinya ɗaki. Shi ya sa hanin sayar da mota ke riskar mutum a lokacin da ya fi buƙatar kuɗinta. An yi ciniki, an sallama, dillali har ya karɓi la'adarsa, sai a je canza suna a katin mota, wato kartigiris, a ce ba za ta yiwu ba. Ko kuwa usiye, jami'in nan da ke kai sammaci da zartar da hukuncin kotu, ya yi sallama da takarda a hannu, ya zagaya motar yana rubuce-rubuce, ya ce daga yau ba ta sayuwa.

Aikina a nan Diffa shi ne ba mutane shawara kan al'amuran shari'a da taya su shirya takardun da za su kai kotu ko wani ofishi. Kusan duk wanda ya zo mini da wannan matsala da magana ɗaya yake shigowa: "Malam, hukuma ce ta hana." In na ce wace hukuma, sai a yi shiru. In na ce ina takardar, sai a ce da baki aka faɗa, ko tana can cikin aljihun mota, ko an ba wani ɗan lakwal ya duba ya ce ba komai ba ne.

Na san inda wannan saduda ta samo asali. Tun bayan harin 6 ga Fabrairun 2015 a kan Bosso da Diffa, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya cikin watan, kunnenmu ya saba da "an hana". An hana hawa babur, ƴan kabu-kabu suka wayi gari ba sana'a. An hana cinikin tattasai da na kifi, an taƙaita taki da man fetur. Don kare rayuka aka ɗauki matakan, kuma duk wanda ya rufe nasa a shekarun nan ya san ba wasa ya kawo su ba. Sai dai sun bar mana wata ɗabi'a: da an ce an hana, sai mu naɗe hannu mu zuba wa sarautar Allah ido. To, hanin da ya shafi motarka kai kaɗai daban yake da dokar da ta hau kan jaha baki ɗaya. Akwai wanda ya nemi a yi shi, akwai wanda ya sa hannu, akwai dalilin da aka rubuta, kuma doka ta bar maka ƙofar da za ka bi ka ƙalubalance shi. Sau da yawa ƙofar tana da wa'adi. Wa'adin kuwa daga ranar da ke jikin takardar yake fara tafiya, ka karanta ko ba ka karanta ba.

Hanin da na fi cin karo da shi shi ne na bashi. Nijar na cikin ƙasashe 17 da ke aiki da dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na OHADA. Dokarsu ta karɓar bashi da kama kaya, wadda aka yi a 1998 aka kuma sabunta a watan Oktoban 2023, ita alƙalin Diffa ke buɗewa, ita kuma na Dakar da na Njamena ke buɗewa. Ta ba mai bin bashi dama, tun kafin a zauna shari'a, ya roƙi shugaban kotu izinin ɗaure kayan wanda yake bi, muddin ya nuna cewa bashin na da ƙamshin gaskiya kuma akwai alamar in ya yi sake ba zai ga kuɗinsa ba. Ba a kiran wanda ake bi kafin a ba da izinin, gudun kada ya ɓoye kayan, shi ya sa abin ke faɗo wa mutane ba zato. A saman takardar usiye za ka ga an rubuta saisie conservatoire. An ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, amma takardun kotu da Faransanci suke zuwa mana, don haka ka riƙe kamannin waɗannan kalmomi biyu.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne, dokar da ta ba mai bin bashi wannan dama ta ɗora masa sharuɗɗa masu tsauri. In ya karɓi izinin bai yi aiki da shi ba cikin wata 3, izinin ya mutu. In ya ɗaure motar alhali ba shi da hukuncin kotu a hannu, dole ya shigar da ƙarar bashin kanta cikin wata guda, in ba haka ba ɗaurin ya warware. Kuma a kowane lokaci mai mota na iya komawa gaban alƙalin da ya ba da izinin ya ce a ɗage. A nan mai bin bashin ne zai kawo hujjar cewa ya cika sharuɗɗan, ba mai motar ba.

Wani dattijo manomin tattasai ya zo mini bayan ambaliyar Komadugu ta 2019. Wani ɗan kasuwa ya ba shi taki da mai a kan zai biya da buhuna in an yi tsinka, ruwa ya shafe gonar. Ɗan kasuwar ya samo izini, usiye ya rubuta tsohuwar Hilux ɗin dattijon. Tun daga ranar ya jingine ta a gindin bedi, ya cire batir, ya lulluɓe gilashin da tabarma. Da ya zo, sai ya zaro takardar daga cikin ledar burodi, an ninke ta har rubutun wurin ninkin ya soma gogewa.

Na ce, "Baba, wa ya ce ka ajiye ta?"

Ya ce, "Ɗana, ai an ce ta hukuma ce yanzu."

Ba ta hukuma ba ce. Tasa ce, an dai ba shi amanar tsaronta, an hana shi sayarwa ko kyautarwa ko jinginarwa. Matuƙar alƙali bai ba da umarnin a tsayar da ita ba, yana iya ci gaba da lodi da ita, kuma da kuɗin lodin nan da ya rage bashin. Da aka bincika a wurin magatakardan kotu, sai aka tarar ɗan kasuwar bai taɓa shigar da ƙarar bashin ba. Ya ɗauka ɗaurin kaɗai ya isa ya tsorata dattijo. Aka rubuta buƙata, alƙali ya saurari ɓangarorin biyu, ya ɗage. Bashin bai faɗi ba, kuma dattijon bai taɓa musun sa ba. Sun zauna gaban manyan garinsu suka tsara biya kashi-kashi. Abin da ke ci mini rai har yanzu shi ne watannin da motar ta yi a gindin bedi, iyali na cikin ƙunci, alhali maganin abin na cikin ledar burodi.

In mai bin bashi ya riga ya samu hukunci, lamarin ya ƙara nauyi, don yanzu hanyar gwanjo aka kama. Duk da haka ba a yin ta kai-tsaye. Sai an fara kawo maka takardar umarnin biya, a ba ka aƙalla kwana 8. Bayan an rubuta motar, kana da wata guda ka nemo mai saye da kanka. Wannan dama ce babba da ake bari tana wucewa, domin farashin gwanjo ba ya kamo na kasuwa. Yadda ake yi: ka sanar da usiye a rubuce sunan mai saye da abin da ya taya da lokacin da zai biya, shi kuma ya sanar da mai bin bashi, wanda ke da kwana 15 ya amince ko ya ƙi. Kuɗin a hannun usiye ko magatakardan kotu ake ajiye su, ba a aljihunka ba. A biya bashi, abin da ya ragu ya dawo maka. Haka kuma alƙali na da ikon jinkirta maka biya ko ya rarraba shi, har zuwa shekara guda, in ka nuna masa halin da kake ciki. Manomin da ruwa ya ci gonarsa, ko wanda aka tashi garinsu ya koma zaman gudun hijira a bakin kwalta, yana da abin faɗa a gaban alƙali. Amma sai ya je ya faɗa.

Akwai wani abu da ya shafe mu musamman. Motar da aka ɗaure ba a ɗauke ta daga inda aka rubuta ta a kai ta wani wuri sai da dalili, kuma sai an sanar da mai bin bashi tukuna, in ba gaggawa ce ta matuƙa ba. Mu kuwa ruwa na tashin mu, rashin tsaro na tashin mu. In haka ta faru ka tsira da iyalinka da motar, sannan da ka sauka ka aika wa usiye inda take, a rubuce, ka riƙe shaida. Kada shiru ya sa a ce ka gudu da ita.

Wani lokaci kuma motar da aka rubuta ba ta wanda ake bi ba ce sam. Ta ƙaninsa ce, ko ta matarsa da ta saya da kuɗin dabbobinta, a ƙofar gidansa kawai aka tarar da ita. Mai ita na da haƙƙin shigar da ƙara a cire ta daga cikin kayan da aka kama, amma kafin a yi gwanjo. Bayan an sayar, zancen ya koma kan kuɗi, shi ma in ba a riga an raba su ba. A nan ne sakacinmu na rashin canza suna ke cin mu. Mota ta bi hannu huɗu, kartigiris na ɗauke da sunan Alhajin farko da ke Maraɗi ko Yamai. Ranar da aka biyo shi bashi, ko ya rasu magada suka tashi rabon gado, da me za ka nuna taka ce? Takardar ciniki da aka buga wa hatimi a komisariya ko ma'aikatar magajin gari tana taimakawa ƙwarai, shaidu ma haka, amma babu kamar sunanka a jikin katin.

Zancen hanin banki ba shi da tsawo. In da bashi aka sayi motar aka jinginar da ita, ana rubuta jinginar a rajistar kasuwanci da ke kotu, a kuma ambata a takardun motar. Gama biya ba ya goge wannan rubutu da kansa. Ka karɓi takardar shaidar ka gama, ka bi a soke jinginar. In an ƙi ba ka alhali ka biya, alƙali na iya ba da umarni.

Sai hanin duwan, wato kwastan, wanda ya yi yawa a jaharmu saboda inda Allah ya ajiye mu. Motoci na shigo mana daga Libiya, suna ƙetarowa daga Damasak da Gaidam, ga waɗanda ƴan'uwanmu na Borno suka tsero da su tun 2014 suna yawo da takardar izinin wucin gadi. Ga kuma motocin ƙungiyoyin agaji da suka cika Diffa bayan 2015, waɗanda da yawansu an shigo da su ne bisa yafiyar haraji. Ƙa'idar ɗaya ce: motar da ta shigo da izinin wucin gadi ko da yafiya ba ta halatta a sayar wa wani a cikin ƙasa sai an biya kuɗin duwan. Mutum ya ga Land Cruiser mai lafiya da araha ya yi wuf, daga baya ya gane abin da ya rage masa biya ya kusa kamo abin da ya biya.

In jami'an duwan suka kama mota, suna rubuta takardar bayanin kamu, kuma kotu na ba wannan takarda nauyi sosai. Saboda haka kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa sai an karanta maka an fassara, da Hausa ko Barbarci ko Fulatanci, kuma in kana da ja ka ce a rubuta jan naka a ciki. Ka karɓi kwafi. Dokar duwan ta yarda da sulhu: a daidaita kan abin da za ka biya a rufe magana ba tare da an je kotu ba, kuma sau da yawa shi ya fi sauƙi ga mai ƙaramin ƙarfi. Amma sulhun doka a rubuce yake, da rasit mai lamba. Wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce kawo kaza in shiga in gyara maka, ba tare da takarda ba, kuɗinka ya tafi kuma hanin na nan daram. In kana ganin kamun bai dace ba, ka rubuta wa shugaban ofishin da ya yi shi, ka haɗa da takardunka. In ba a warware ba, kotu na nan.

Mafi ciwo shi ne motar da bincike ya rutsa da ita. Direba ya ɗauki kayan da bai kamata ba, ko an tare shi da jarkokin mai a hanyar da aka hana, ko lambar shasi ta fito a jerin motocin sata na Interpol. Sai a rufe motar a matsayin shaida. Mai ita, wanda wataƙila yana gida bai san hawa ba bai san sauka ba, sai tsoro ya hana shi ko leƙawa, kada a ce da shi aka haɗa baki. Ina jin wannan tsoro, ba na raina shi. Amma rana da ƙura ba su jiran a gama bincike: tayoyi su tsage, wayoyi su bushe, motar da ke ciyar da gida biyu ta koma ƙarfen awo. Doka ta yarda duk mai haƙƙi a kan abin da aka rufe, ko da ba ya cikin waɗanda ake tuhuma, ya nemi a mayar masa. In fayil ɗin na hannun mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi ake rubuta wa. In ya koma wurin alƙalin bincike, shi ake rubuta wa. In alƙalin bincike ya ƙi, ƙin nasa a rubuce yake fitowa, kuma ana iya ɗaukaka ƙara a kansa zuwa kotun ɗaukaka ƙara, wadda tamu ke Damagaram. Kwanakin da ake bayarwa a nan kaɗan ne ƙwarai, don haka ranar da aka miƙa maka takardar ƙin, ranar za ka nemi shawara. In zargin ya shafi ta'addanci, akasari fayil ɗin na tafiya sashen musamman na kotun Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga nan, ko da motar na ajiye a Diffa. Wanda bai san haka ba sai ya yi ta zarya inda babu mai ikon ce masa e ko a'a. Ka nemi lambar fayil da lambar da aka ba motar lokacin rufe ta. Da su ake gano inda maganar take.

Akwai kuma hanin da wani ofishin gwamnati ke yi da ikon kansa, ba kotu ba, kamar a ƙi canza maka suna a kati saboda wani saɓani a takardu. Nan ana farawa da wasiƙa zuwa ga wanda ya yanke shawarar, ko na sama da shi, a roƙi a sake dubawa. Ka yi kwafi biyu, ka ba da ɗaya, a buga maka hatimi da kwanan wata a ɗayan. Wannan hatimin shi ne shaidar ka yi magana cikin lokaci, kuma da shi ake wucewa gaban alƙalin da ke duba ayyukan hukuma, har zuwa Kotun Ƙasa da aka kafa a Yamai a 2023. In da baki aka hana ka, ka roƙa cikin ladabi a rubuta maka dalilin. Na sha ganin inda neman a rubuta kaɗai ya sa aka sake buɗe fayil aka gano kuskuren harafi ɗaya ne a lambar shasi. Dokokin ta-ɓaci da suka hau kan kowa kuwa ba su cika motsawa da wasiƙar mutum guda ba. Hanin tattasai da aka ɗage a 2017 da na kifi a 2019 sun zo ne bayan manoma da masunta da sarakuna da ƙungiyoyi sun daɗe suna kai kuka tare. Masu motocin haya da ke da irin wannan damuwa, sandikarsu, wato ƙungiyar sana'arsu, ita ce bakinsu.

Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne sayarwa a ɓoye. Kogi na kusa, naira na yawo a kasuwarmu, kullum akwai mai cewa kawo in ƙetarar maka da ita. Wanda ya sayar da motar da aka ba shi amanar tsaronta ya mayar da rigimar bashi ta zama laifin da ake ɗaure mutum a kansa, ya kuma jefa mai saye cikin asara. Na ga magidancin da bashinsa bai kai rabin kuɗin motarsa ba, wanda da ya bi ta hannun usiye da ya biya har ya samu ragowa, ya ƙare a gidan kaso.

Lauyoyi yawancinsu a Yamai suke, kuma ba kowa ke da halin ɗaukar su ba. Amma tun 2011 doka ta kafa hukumar ANAJJ don taimakon shari'a, tana da ofisoshi a manyan kotunan jahohi, kuma shawarar da ake bayarwa a can kyauta ce. Magatakardan kotu ma zai gaya maka ko an shigar da ƙara a kanka da ranar da aka shigar. In za ka je, tafi da duk takardar da ta shafi motar, har wadda kake ganin ba ta da amfani: kartigiris, takardar ciniki, rasit ɗin duwan, asirans wato inshora, takardar usiye da ambulan da ta zo ciki. Ka ɗauki hotonsu a waya tun yau, don ruwa da gobara da gudun hijira sun raba mutane da yawa da takardunsu a kwarin nan.

Kai kuma mai shirin saye, kafin ka ƙirga ko dala, sa makanikenka ya nuna maka lambar shasi a jikin ƙarfen motar, galibi harufa da lambobi 17, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya da na jikin kartigiris da na takardar duwan. In ka ga alamar walda ko guga a wurin, ka haƙura da ita komai arharta. Ka tambaya ko akwai jingina ko kamu a kanta, kuma ka riƙe wani kaso na kuɗin, bisa yarjejeniya a rubuce gaban shaidu, har sai katin ya fito da sunanka.